Shawara ga masu shirya ƙunshin manhaja kan zaɓuɓɓukan da suke bari a kunne

Ƙannena, duk wanda ya ɗauki nauyin shirya ƙunshin manhaja domin wasu su girka, ya kamata ya san cewa zaɓuɓɓukan da ya bari a kunne wajen harhaɗawa, wato mayar da lambar da aka rubuta ta zama manhajar da kwamfuta za ta iya gudanarwa, su ne akasarin jama'a za su zauna da su, domin kaɗan ne ke buɗe saituna su canza wani abu. Tsarukan gudanar da kwamfuta irin su FreeBSD da Gentoo sun ba mai amfani damar zaɓa da kansa, amma ko a can, wanda ya sauke ƙunshin da aka riga aka harhaɗa, zaɓin mai shiryawa ya gada.

A farkon aikina komai nake kunnawa, ina ganin hakan karamci ne. Na taɓa kunna wa wata ƙaramar manhajar sarrafa rubutu zaɓin buɗe taga, sai wani mai kula da sabar ya rubuto mini cewa girka ta ya jawo laburaren X11 da GTK, wato tarin lambobin da manhajoji ke jingina da su wajen zana taga a allo, zuwa injin da ko allo ba a haɗa masa ba. Ba cin wuri ne ya dame shi ba. Damuwarsa ita ce duk gyaran tsaron da ya fito wa waɗannan laburaren ya zama aikinsa, alhali ba ya amfani da ko ɗaya daga cikinsu.

Kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne barin shirin configure, wanda ke tsara zaɓuɓɓuka kafin harhaɗawa, ya yanke hukunci da kansa. Yakan leƙa kwamfutar da ake harhaɗawa a kai, in ya tarar da wani laburare sai ya jingina da shi ba tare da sanarwa ba. Manhajar ta yi aiki lafiya lau a wurina, ta ƙi tashi a wurin wasu. Tun daga nan nake fayyace kowane zaɓi, a kunne ko a kashe, kuma nake harhaɗawa a keɓaɓɓen wuri da babu komai a cikinsa sai abin da na lissafa.

Wanda yake ganin abin bai kai ya kawo ba, ya duba abin da ya faru a watan Maris na 2024, lokacin da Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a xz, manhajar matse fayiloli, sigar 5.6.0 da 5.6.1. OpenSSH, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, ba ta buƙatar laburaren xz, amma wasu rabe-raben Linux sun haɗa ta da wani laburare mai suna libsystemd don kawai ta riƙa sanar da tsarin cewa ta tashi, shi kuma libsystemd ya jawo liblzma, wato laburaren xz, ta nan muguwar lambar ta samu hanyar shiga.

Ban ce ku datse komai ba, domin manhajar da aka cire mata ɓoye bayanai don a rage nauyi an cuci masu amfani da ita. Inda buƙatu suka bambanta, ku raba ƙunshin, kamar yadda Debian, ɗaya daga cikin rabe-raben Linux, ta raba manhajar rubutu ta vim zuwa vim-tiny da vim-nox da vim-gtk3. Kuma ku rubuta dalili a gefen duk zaɓin da kuka kunna tun ranar farko, saboda da zarar jama'a sun dogara da shi, kashe shi zai ɓata aikin wani, kuma wanda zai gaje ku yana buƙatar sanin abin da ya sa aka kunna shi kafin ya taɓa.