Ranar da na share hadari da hannuna

A shekarata ta ƙarshe a karatun injiniyanci a nan Kaduna, an ba ni aikin kwaikwayon wata irin na'urar rada a kwamfuta, wadda ba ta da farantin nan mai juyawa. Rada dai na'ura ce mai aika sigina ta kuma karanta abin da ya dawo bayan ya ci karo da wani abu a sama. A maimakonsa ana jera dubban ƙananan eriya a fuska ɗaya, a riƙa jinkirta siginar kowace da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, har siginonin su haɗa kai su nufi inda ake so, kuma a karkata su nan take ba tare da ko ƙusa ta motsa ba. Tun 2003 masu binciken guguwa a garin Norman na jihar Oklahoma suka fara gwaji da eriyar SPY-1A ta sojan ruwan Amurka, suka ga tana iya leƙa hadari sama da ƙasa cikin kusan minti ɗaya, aikin da radar yanayi ta WSR-88D ke yi a minti 4 zuwa 5. Burin, wanda shi ne aikin da aka ba ni in kwaikwaya, shi ne na'ura guda ta lura da jiragen sama da yanayi gaba ɗaya.

Ni kuwa hankalina yana kan jirage, don haka na kwashe makonni ina tace duk abin da ruwan sama ke mayarwa, domin a wurina ƙura ce mai rufe jirgi. Da na kai wa malamina, sai ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce, "Ɗana, jiragen ka sun fito fes, amma ina hadarin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na share shi." Kafin in rufe baki na gane cewa rabin aikin na zubar.

Gyaran ya fi ginin wuya, saboda buƙatun biyu suna rububin lokacin na'ura guda. Jirgi mai shirin sauka yana buƙatar a waiwaye shi kusan kowane daƙiƙa 5, shi kuwa hadari sai an tsaya a kansa an aika sigina da yawa kafin a auna yawan ruwa da gudun iska yadda za a amince da su. Duk wanda ya ga yadda hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas, iska ta riga ruwa isowa tana ɗaga kwanon rufi, ya san matuƙin da ke saukowa yana buƙatar labarin biyu tare. Sau huɗu na sake tsara rabon lokacin kafin malam ya sa hannu.