Ciwon suga da juna biyu: gidan gaba ɗaya ke buƙatar bayani, ba mai cikin kaɗai ba

A yawancin gidajenmu na Katsina, mai ciki ba ita ke yin cefane ba, kuma sau da yawa ba ita kaɗai ke da tukunya ba. Maigida ke sayo abin da za a dafa, girki na zagayawa tsakanin matan gida, uwar miji kuma tana da ta cewa kan abin da surukarta za ta ci. Amma ranar da gwaji ya nuna suga ya hau, ita kaɗai ake zaunarwa a ɗakin awo a lissafa mata abubuwan da za ta bari. Ta koma gida da kati a jaka da fargaba a zuciya, ta tarar an kwashe tuwon shinkafa. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ta ci ta yi shiru don kada a ce ta cika tsirfa, ko ta ƙaurace wa abinci ta zauna da yunwa. Duka biyun cutarwa ne, kuma rashin bayani ga mutanen gida ne ke haifar da su.

Abu na farko da ya kamata kowa a gidan ya ji shi ne, ba laifinta ba ne. Mabiyiya, wadda ke ciyar da jariri a ciki, tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsokar jiki. Kowace mai ciki haka jikinta ke yi, musamman daga wata na shida. Jikin yawancin mata kan ƙara yawan insulin ya cike giɓin, na wasu kuma ya gaza, sai suga ya taru a jini. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan haihuwa 1 cikin 6 tana zuwa ne da hauhawar suga lokacin ciki. Wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye, ko ta taɓa haihuwa ba rai ba tare da an gano dalili ba, ko iyayenta na da suga, ko tana da ƙiba, ko ta haura shekara 35, ta fi shiga haɗarin. Sai dai siririyar yarinya mai cikin fari ma takan samu, kuma galibi ba ya nuna wata alama. Yawan fitsari da kasala ai kowace mai ciki na yi.

Shi ya sa gwajin jini kaɗai ke rabe gardama. Ana yin sa tsakanin mako na 24 da na 28, ko tun zuwan farko ga wadda ke cikin haɗari. Ta kwana ba ta ci komai ba na aƙalla awa 8, ruwa kawai. A ɗauki jini, a ba ta giram 75 na gulukos a ruwa ta shanye cikin minti 5, ta zauna wuri ɗaya, a sake ɗauka bayan awa 1 da bayan awa 2. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan na farko ya kai 92, ko na biyu ya kai 180, ko na uku ya kai 153, to akwai sugan ciki, ko da ɗaya ne kawai ya kai. Waɗannan lambobi na mg/dL ne. Wasu na'urorin da mmol/L suke ƙirga, inda za a ga 5.1 da 10.0 da 8.5. A raba lambar mg/dL da 18 a samu ta mmol/L. Abin da ke ɓata gwajin shi ne mace ta sha koko da asuba ta ɓoye, ko ta fita kewaya asibiti tsakanin ɗaukar jini, ko ta yi amai bayan ta sha ruwan. Idan ƙaramin asibitin unguwa ba ya yi, a nemi takardar turawa zuwa babba, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin mata da yara na Turai Yar'adua. Gwajin fitsari kaɗai bai wadatar ba.

A wurinmu ƙaton jariri abin barka ne, don haka sai an yi wa dangi bayani a tsanake. Sugan uwa na ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa. Sai jaririn ya riƙa samar da nasa da yawa, yana mayar da rarar sugan kitse, ya fi taruwa a kafaɗu da ciki. Ranar haihuwa kai ya fito, kafaɗa ta maƙale. Doguwar naƙuda irin wannan tana cikin abubuwan da ke kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga. Bayan an yanke cibiya kuma, sugan uwa ya daina zuwa amma insulin ɗin jariri na nan da yawa, sai sugansa ya faɗi, ya yi laushi, ya ƙi kama nono. Ga uwar kuma akwai hawan jini da jijjiga. Ana faɗin wannan ne sau ɗaya, a fili, sannan a bi shi nan take da ɗaya rabin gaskiyar: matan da suka riƙe sugansu daidai, yawancinsu lafiya lau suke sauka, kuma da dama abinci da motsa jiki kaɗai ke isar su.

Batun abinci ne ya fi rikita mutane, domin an saba ji cewa mai suga sai acha da alkama. Wannan magana ta sa gidaje da yawa sun yanke ƙauna tun kafin su fara, don kuɗin ba za su kai ba. Acha ma sitaci ce, idan aka cika kwano da ita suga zai hau. Abin da ke aiki shi ne yawa da lokaci da abin haɗi. Tuwon dawa ko na gero ko na masarar da ba a surfe ta ƙwarai ba, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai cikin, ba malmalar gidan biki ba. Rabin kwanon ya zama ganye: miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kabeji. Sauran kuma abin gina jiki: wake, ƙwai, kifi, nama, awara, gyaɗa. A ci sau 3 a rana da ɗan abin taɓawa sau 2 ko 3 a tsakani, maimakon a tara yunwa a yi lodi da dare.

Karin kumallo ne ya fi ba da wahala, saboda da safe jikin mai ciki ya fi ƙin jin insulin. Koko da aka tace, ko ba a sa masa sukari ba, yana saurin tayar da suga, balle shayi mai kauri da burodi. Ƙosai ko alala ko dafaffen ƙwai da ɗan kofin koko ya fi kofin roba cike da koko shi kaɗai. Fura kuma, wadda Bakatsine ba ya rabuwa da ita, ba sai an haramta ta ba: a rage curin zuwa rabi, nono ya fi yawa, kada a sa sukari, sannan a gwada a ga abin da jikin ya ce. Abin da ake bari gaba ɗaya shi ne abin sha mai zaƙi: lemon kwalba, maltina, zoɓo da kunun aya na sayarwa, da rake. Zuma da dabino suna da daraja a wurinmu, amma a jini suga ne, don haka kada a ce an bar sukari an koma zuma. Gwaiba ko lemon zaƙi ɗaya a ci shi haka nan ya fi a matse ruwansa. Lokacin mangwaro kuwa sai an kai zuciya nesa. Bayan kowane cin abinci, ta yi tattaki na minti 10 zuwa 15, ko da a tsakar gida ne.

Yunwa ba magani ba ce, kuma wannan ya kamata a maimaita wa wadda tsoro ya kama. Idan ta daina cin tuwo gaba ɗaya, jiki zai koma ƙona kitse, ya fitar da wani guba a jini da ba a so ga jariri. Mai ciki ba ta rage ƙiba.

Duk wadda ke da hali ta mallaki na'urar gwaji a gida. Abin da ake nema: ƙasa da 95 da safe kafin a ci komai, ƙasa da 140 awa 1 bayan cin abinci, ko ƙasa da 120 bayan awa 2, ana ƙirgawa daga lomar farko. A wanke hannu da sabulu a busar, domin ɗan danƙon dabino ko mangwaro a yatsa kan ba da lamba ta ƙarya. A soki gefen yatsa, ba tsakiyarsa ba, ya fi sauƙin zafi. Da hunturu a ɗumama hannun tukuna. Tsinken gwajin, wanda ake sa wa a na'ura a ɗiga masa jini, ba ya son zafi da iska, a rufe robarsa nan take, a duba ranar ƙarewarsa. A samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta lamba da lokaci da abin da aka ci. Tsinken na da tsada. Wadda ba za ta iya gwaji sau 4 kullum ba ta gaya wa likita ya tsara mata yadda za ta riƙa juyawa, yau bayan kumallo, gobe bayan abincin dare. Ma'aikacin lafiyar da ke yi wa mace faɗa kan lamba mai yawa yana koya mata ƙarya ne, don wani zuwan kyawawan lambobi kawai za ta rubuto. Tambayar da ta dace ita ce: "Hajiya, me aka dafa a gida ranar nan?"

Idan bayan mako 1 zuwa 2 lambobin ba su sauko ba, sai magani, ko ƙwayar metformin ko allurar insulin, yadda likita ya ga ya dace. A nan ne kuka ke zuwa, domin an yi imani cewa wanda ya fara allura ya kama hanyar kabari, ko ba zai taɓa bari ba. Ga sugan ciki, yawanci da an haihu ake dainawa, kuma allurar ba ta isa ga jariri. Ana yin ta a cinya ko a gefen ciki, a ɗan tattaro fata da yatsu, a riƙa sauya wuri don kada ya yi ƙulli ya daina tsotsa. Idan insulin mai fari-fari ne, a murza kwalbar tsakanin tafin hannu, kada a girgiza. A tabbata lambar da ke jikin sirinji ta yi daidai da ta kwalba, 100 da 100, in ba haka ba awon zai kuskure. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana kashe insulin. Inda babu firji ko wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar a roba mai murfi a ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙaramar tukunyar ƙasa, a inuwa. Ƙanƙara ma na kashe shi. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce wata guda. Jiƙe-jiƙen ɗaci da ake cewa suna wanke suga kuwa, ba a san awonsu ba, ba a san abin da suke yi wa ɗan tayi ba, a bar su.

Mai yin allura dole mutanen gida su san alamar faɗuwar suga: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri, magana ba kan gado. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, a jiƙa sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ta sha, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. Idan ta suma kada a ɗura mata komai, a kwantar da ita a gefe a nemi mota. Zazzaɓin cizon sauro da maganin kwinin na iya faɗar da suga, allurar da ake yi don ƙosar da huhun jariri kuma na tayar da shi na 'yan kwanaki. Azumi ma likitoci na ba mai ciki da ke da suga shawarar ta ajiye shi, musamman mai allura. Addini ya yi mata rangwame ta rama daga baya, amma mata da yawa kunya ke hana su ci a gida kowa na azumi. Kalma ɗaya daga maigida ko malamar Islamiyya takan sauke wannan nauyin.

Kunyar ɗan fari na da nata tasirin. Yarinyar da ba ta iya ambaton cikinta gaban surukai ba za ta buɗe baki ta ce a canja mata tuwo ba. Saboda haka a zo da maigida awo ko sau ɗaya, a yi masa bayani da kansa, shi kuma ya isar wa mahaifiyarsa: "Inna, likita ne ya ce, saboda lafiyar jikanki." Idan za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, littafin lambobin da bayanin su bi ta, a kuma san asibitin da za ta haihu a can tun da wuri. A gidan da ake girki bi-da-bi, ya fi sauƙi a ƙara miya da wake ga kowa da a ware mata tukunya, wadda ke jawo surutu. Haɗa ta da wata da ta taɓa yin sugan ciki ta haihu lafiya, ko a layin awo ne, kan yi abin da dogon jawabi bai yi ba. A kuma riƙa tambayarta barci da walwala. Wadda ta yi mako 2 tana kuka, ba ta barci, ba ta sha'awar komai, ba rashin tawakkali ke damunta ba. Damuwa ce mai magani, a gaya wa likita.

Wadda ta riga ta san tana da suga kafin ciki, shirinta tun kafin ɗaukar ciki yake farawa, domin gaɓoɓin jariri a makonnin farko suke haɗuwa. A daidaita suga, ta fara shan folik asid miligiram 5 a kullum, likita ya duba magungunanta don wasu na hawan jini ba su dace da ciki ba, a kuma duba idonta da ƙodarta.

Haihuwa a asibiti za a yi, kuma likita ba ya barin cikin ya zarce lokacinsa. Raguwar motsin jariri, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko kumburin fuska, a tafi a ranar, ko da dare ne. Da an haihu a sa jariri a nono cikin awa ta farko. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar shi ne ke riƙe masa suga. Lokacin jego a yi hattara da kunun kanwa mai sukari kofi-kofi. Tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa ta koma a maimaita gwajin, sannan duk shekara 1 zuwa 3, domin kusan rabin matan da suka yi sugan ciki kan kamu da ciwon suga na dindindin daga baya. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a haɗa shi da rigakafin jariri na mako 6 ko na mako 10, a rubuta ranar a bayan katin yaron.