Na je Mohenjo-daro, kwatocinsu ne suka fi tsaya min a rai

Duk mai niyyar zuwa Mohenjo-daro, kufan wani tsohon birni a Pakistan, dan Allah ya bari sai lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, kuma ya yi sammako. Mu daga Larkana muka taso a lardin Sindh na Pakistan, ba nisa, bai kai kilomita 30 ba, amma kafin azahar rana ta fara dukanmu, direba na ta mana dariya wai wannan ai wasa ne, a 2010 zafin wurin ya kai digiri 53.5. Kuma ba inuwa fa, bulo ne ta ko'ina, to ka riƙe ruwanka da hula.

Ginin nan da za ka fara hangowa a kan tudu na mabiya Buda ne, daga baya can aka ɗora shi. Garin kansa tun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yake, wani masanin kayan tarihi ɗan Indiya, R. D. Banerji, ne ya tono asirinsa a 1922.

Kowa rububin ɗaukar hoto yake a wani babban kwamin wanka da ke wurin, tsawonsa mita 12, an shafe shi da kwalta don kar ya yi yoyo. Ni kuwa wallahi kwata ce ta tsayar da ni, har durƙusawa na yi ina leƙe. Gida da wurin wankansa, ruwa ya gangaro ya faɗa kwatar layi, ita kuma a rufe da bulo, ga ramuka nan da can inda datti ke kwanciya a zo a yashe, mutanen da ko ƙarfe ba su sani ba sai tagulla! Rijiyoyi sun fi 700, wasu suna tsaye ƙiƙam sun fi mutum tsayi saboda an kwashe ƙasar gefensu.

Sai dai gishiri na cin wurin. Ka duba gindin bango za ka ga fari-fari, bulo na marmashewa, shi ya sa tun wajen 1965 aka dakatar da babban haƙa, ga ruwan 2022 ya zo ya ƙara ɓarna. Na tarar da ma'aikata suna shafa wa bango laka irin yaɓen da muke wa katanga kafin damina, don gishirin ya ci laka ya bar bulo. Saboda haka kar ka hau bango don hoto, masu gadi ma ba za su ƙyale ka ba.

Gunkin wani mutum mai gemu da aka tono a wurin, wanda ake ta yayatawa, kwafi ne a nan, na ainihin yana gidan tarihi na Karaci, in ka damu da shi ka biya ta can.