Barkwancin da manya ke yabawa

Wannan makon na ajiye aiki da shirin barkwancin siyasa da na daɗe ina rubuta wa. Waɗanda muka yi zaman ɗakin rubutu tare sun san dalili, don haka ba sai na yi dogon turanci ba.

Shugaban sashenmu yana da wata ƙa'ida da bai taɓa furtawa ba: a caccaki 'yan siyasa a dunƙule, amma kada a taɓo abin da za a iya nuna shi da yatsa. Ɗan majalisa mai gyangyaɗi a zaure, ɗan takara mai alkawarin gada inda babu kogi, duk waɗannan suna wucewa bai ɗaga jan biro ba. Har manyan da ake wa shaguɓen sukan bugo waya su ce shirin ya sa su dariya, shi kuma ya shigo yana ba mu labari baki har kunne. Ni kuwa a ganina, wanda ka yi wa habaici ya kira ya yaba, ko gezau bai yi ba.

Sai muka rubuta wasan 'yan fansho. Dattijo ya je tantancewa, ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce, "Baba, ai nan an rubuta ka rasu." Ya ce, "To ɗana, ga ni tsaye." Aka ce ya kawo takardar shaidar yana raye, ofishin da ke bayar da ita kuma ba ya karɓar buƙata daga mamaci. Su kuwa mamatan gaske, kuɗinsu na fita duk wata ba fashi. Mun sa ainihin sunan fom ɗin da ranar rufe tantancewar. Ranar naɗi sai da mai ɗaukar sauti ya tsayar da aiki don dariya. Daren da za a watsa, shugaba ya zare shi, wai ba shi da ban dariya, aka dawo da mai gyangyaɗi. Da badaƙalar ta fashe a jaridu daga baya, a gabana ya shaida wa taro cewa sashensa ne ya fara hango ta. Ko inda nake zaune bai kalla ba.

Ba daga kanmu farau ba. Ƙagaggen labarin da marubucin Amurka Upton Sinclair ya fitar a 1906 kan mayankan Shikago ya tayar da hankalin Amurka domin ya faɗi abin da ake cusawa cikin naman da mutane ke ci, kuma a shekarar aka kafa dokar duba nama, duk da cewa shi wahalar leburori ya so a gani. Marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ya yi shekaru yana sukar masu mulkin Kenya da Turanci yana kwana a gidansa, amma da ya shirya wasan kwaikwayo da harshen Gikuyu tare da manoma da leburori a 1977, sai aka tsare shi kusan shekara guda ba shari'a. Hukuma ta san wane ne ke kallo, ta kuma san ya gane.

Kada dai mu cika baki. Miliyoyi sun kalli shirin barkwancin siyasa na Bassem Youssef a talabijin a Masar, shirin ya tsaya a 2014, mulki bai motsa ba. Dariya takan rage wa mutane tsoro, ta ba su kalmar da za su maimaita a fili, amma sai an samu lauya ko ƙungiya ko ɗan jarida ya ɗora daga nan.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a yi wa talaka dariya da sunan ana kare shi. Lauyan gidan ya karanta rubutu kafin shugaba. Ku da kuka rage, duk abin da kuka rubuta ku tura wa kanku kwafi ta imel da kwanan wata. Nawa na 'yan fansho yana nan ajiye, da sunayen waɗanda suka rubuta shi.