Daga Cikin Silin Zuwa Teburin Jeniba

A watan Afrilun wata shekara, ana tsaka da zafin bazara, aka kira ni wani sabon gida a bayan garin Kano saboda ƙaurin roba da ke saukowa daga silin. Na kashe wutar gidan daga babban makunni, na sa tsani na hau. Cikin silin ɗin kamar tanda. Wayar da ta ɗauki esin falo ta yi laushi, robarta ta manne da katako, saura ƙiris ta kama. A jikinta an buga 2.5 ɓaro-ɓaro, wato lambar kaurin ƙarfen da ke cikinta. Da na yanko guntu na kankare da wuƙa, sai jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Na sauko na nuna wa mai gidan. Dattijo ne, shi da kansa ya sayo wayar don ya rage kashe kuɗi. Ya juya guntun a hannunsa ya ce, "To Malam, ai wuta tana bi ta ciki. Wane ne ma ya yanke cewa lallai sai waya ta kai kaza?"

Na ba shi amsar da na iya a lokacin, na ce ƙa'idar aiki ce. Amma tambayar ta bi ni har gida. Shekara 19 ina wannan sana'a, na koya a hannun maigidana da lambobi a ka: waya 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, 4 ko 6 ta abin da ke jan wuta sosai. Ban taɓa tsayawa na tambayi inda lambobin suka fito ba.

Kamfanina ƙarami ne. Ni ne, da ma'aikata 6, da yara masu koyo da ke zuwa suna tafiya. Muna wayarin gidaje da shaguna da makarantun unguwa, a 'yan shekarun nan kuma aikin sola ya kusa rinjayar komai: faranti a kan kwano, inbata, batir, da akwatin da ke raba tsakanin wutar Nepa da janareta da sola. Ina da shaidar NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015 don duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su. Rabin ranata tana ƙarewa ne wajen sayen kaya a Sabon Gari da lissafin kuɗin aiki, sauran rabin a kan tsani.

Wanda ya buɗe min ido wani tsohon injiniya ne da muka haɗu a aikin wani asibiti, shi yana duba aiki ni ina yi. Ya ga ina gwada kowane naɗin waya da mita, na'urar awon lantarki, kafin yara su zura shi a bututu, ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce tun da aka cuci wani dattijo nake yi, idan karatun ya yi yawa sai in mayar da wayar. Ya ce, "Ka san iyakar da aka yanka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da ido da sabo nake ganewa." Sai ya ɗauki biro ya rubuta min a bayan katan: waya 2.5 ta jan ƙarfe kada tirjiyarta, wato yadda take tauye wutar da ke bi ta cikinta, ta wuce om (ma'aunin tirjiya) 7.41 a kowace kilomita a zafin digiri 20, waya 1.5 kuma om 12.1. Wato naɗi mai mita 100 na 2.5 kada ya haura om 0.74. A ƙasa ya rubuta IEC 60228. Ya ce, "Ga wanda ya yanke. Kuma mutane ne irina da irinka suka zauna suka yanke, ba daga sama ta faɗo ba."

IEC ita ce hukumar duniya ta ƙa'idojin kayan lantarki. An kafa ta a Landan a 1906, shugabanta na farko shi ne masanin nan Lord Kelvin, kuma tun 1948 hedikwatarta take Jeniba a ƙasar Suwizalan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kamfani ba ya zama mamba a cikinta, komai girmansa, mutum ɗaya ma haka. Ƙasa ce ke shiga, ta hanyar kwamiti guda ɗaya da ake kira kwamitin ƙasa, wanda ake so ya tattaro duk masu ruwa da tsaki: masana'antu, kamfanonin wuta, jami'o'i, hukumomin gwamnati, masu sayarwa, masu ɗaurawa, da masu amfani. A Najeriya wannan harka tana ƙarƙashin SON, hukumar ingancin kaya da aka kafa a 1971. Najeriya cikakkiyar mamba ce. Idan an zo ƙuri'a a kan wata ƙa'ida, ƙuri'arta ɗaya ce, ta Jamus ɗaya, ta Sin ɗaya.

Aikin ba a taro ɗaya ake yinsa ba. An rarraba shi ga kwamitocin fasaha masu lamba. Na 20 shi ke kula da wayoyi da kebul. Na 64 shi ke da IEC 60364, wadda ita ce uwar ƙa'idojin wayarin gini. Na 82 na sola ne, daga wurinsa IEC 61215 ta fito, lambar da kake gani a takardar bayan faranti mai kyau. Kowace ƙasa tana zaɓar kwamitocin da za ta shiga da kuma matsayin da za ta shiga da shi. Akwai na 'yar kallo, wadda ake aika mata takardu, tana iya tofa albarkacin bakinta. Akwai na mai shiga aiki, wadda ya zama wajibi a kanta ta jefa ƙuri'a ta kuma ba da masana. Ƙasar da ta ɗauki wannan matsayi na biyu sannan ta riƙa yin shiru, ana iya mayar da ita sahun 'yan kallo. A gida kuma ana kafa ƙananan kwamitoci da ke fuskantar na can, kamar mutum da inuwarsa: takarda ta fito daga Jeniba, ta sauka hannun sakatariyar kwamitin ƙasa, a raba wa 'yan kwamitin gida, su karanta su yi gardama, su tsayar da matsaya ɗaya, sakatariya ta aika da sunan ƙasa.

Ƙa'ida kan ɗauki shekaru kafin ta nuna. Wata ƙasa za ta kawo shawarar sabon aiki, a jefa ƙuri'a, ƙasashe su ba da mutanen da za su rubuta. Daftarin farko ya zagaya don a yi gyara. Daga nan sai daftarin ƙuri'a, wanda ake ba ƙasashe mako 12 su duba, sannan na ƙarshe mai mako 6, wanda a kansa babu sauran sauya magana, sai e ko a'a ko ƙauracewa. Kafin ya wuce sai kashi 2 cikin 3 na ƙasashe masu shiga aiki da suka jefa ƙuri'a sun amince, kuma masu cewa a'a kada su haura kashi 1 cikin 4 na duk ƙuri'un. Wanda ya ƙaurace ba a lissafa shi. Wanda ya ce a'a kuma sai ya rubuta dalilinsa na fasaha.

Injiniyan nan shi ya sa aka ba ni damar sauraron wani zama na kwamitin gida ta intanet, da aka nemi masu aikin hannu su shigo. Na rufe ofis, na sayi data, na zauna da daftari mai shafuffuka masu yawa cikin Turanci mai nauyi. Da aka ba ni dama na yi magana da dukan zuciyata. Na ce wayoyinmu suna dahuwa a silin, breka tana faɗuwa da rana tsaka ba tare da an ƙara mata kaya ba, ƙurar hunturu tana shiga inbata ta toshe fankarta. Aka saurare ni da mutunci. Sai shugabar zaman ta ce, "Malam, duk abin da ka faɗa mun yarda akwai shi. Wane sashe kake so a gyara, a mayar da shi yaya, kuma ina ma'aunin da ka ɗauka?"

Ba ni da ko ɗaya. A ranar na ga takardar da ake rubuta gyara a kanta. Layi-layi ce: lambar sashe, irin gyaran, ko na gaba ɗaya ne ko na fasaha ko na rubutu, sai bayanin matsalar, sai kalmomin da kake so a sa a madadin na da. Babu gurbin koke. Da fari abin ya yi min ciwo, daga baya na ga adalcinsa. Injiniyan da ke zaune a ƙasar sanyi bai taɓa shiga silin ɗin Kano a watan Afrilu ba, ba kuma zai shiga ba. Idan ina so ya yarda a sauya kalma ɗaya a takardar da masana'antar ƙasarsa za ta bi, sai na kai masa lamba.

Na kuma gano cewa wani ɓangaren kukana an riga an amsa shi, mu ne ba mu karanta ba. Jadawalin IEC 60364 na nauyin da waya ke iya ɗauka an gina shi ne a kan iska mai zafin digiri 30, kuma akwai wani jadawalin na ragi idan zafi ya wuce haka. Waya mai rigar roba irin ta PVC a digiri 40 tana ɗaukar 0.87 ne kawai na abin da aka rubuta, a digiri 50 kuma 0.71. Kusan kashi 3 cikin 10 sun tafi ke nan tun kafin a kunna komai. Breka irin ta gida ita ma a digiri 30 ake saita ta, shi ya sa take saurin faɗuwa idan akwatinta yana jikin bangon da rana ke duka. Faranti kuma ƙarfin da aka rubuta masa a digiri 25 aka auna, alhali a kan kwanonmu hannu ba ya iya daɗewa a jikinsa. Tun daga lokacin, duk wayar da za ta bi ta ƙarƙashin kwano nake ƙara mata kauri, ina kuma zaunar da mai gida in nuna masa dalili da alƙalami. Wasu suna yarda. Wasu suna tafiya wurin wanda zai yi musu da araha, kuma na rasa ayyuka a kan haka.

Amma akwai abin da jadawali ba zai yi mana ba. A ƙarshen sassan IEC 60364 akwai shafuffukan da aka keɓe don bayanan da suka shafi wasu ƙasashe, inda ƙasa ke sa a rubuta cewa a wurinta kaza ake yi saboda yanayinta ko dokarta. Duk layin da ke wurin, wani kwamitin ƙasa ne ya tsaya ya nema. Haka kuma idan SON za ta ɗauki ƙa'idar IEC ta mayar da ita ta Najeriya mai tambarin NIS, a teburin gida ake duba ko ta dace da mu yadda take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan da ke da hanyar wuta uku, yana sauyawa tsakaninsu sau da yawa a yini, ga wutar da ke zuwa wani lokaci ba ƙarfi wani lokaci ta yi yawa, wannan rayuwarmu ce ta kullum, kuma mu masu hawa tsani mu muka fi kowa ganin abin da take yi wa kaya.

Ba kowace ƙa'ida ce ke cin nasara ba. A 1986 IEC ta fitar da fasalin filogi da soket guda ɗaya da ake fatan duniya ta koma kansa. Afirka ta Kudu ta ɗauka, Brazil ta yi nata a kan tsarinsa, sauran ƙasashe kowa ya riƙe abin da ya gada. Shi ya sa mu muke kan mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila, idan kuma aiki ya kai ni Maraɗi sai in tarar da soket mai ramuka zagaye irin na Faransa, tafiyar 'yan sa'o'i kawai daga shagona. Ƙasashe irin Nijar da ba su zama mambobi ba, IEC ta buɗe musu wata ƙofa tun 2001 da suke samun wasu ƙa'idoji kyauta don su mayar nasu. Afirka ma tana da tata inuwar ta ƙa'idojin lantarki, AFSEC, da aka ƙaddamar a Akra a 2008.

Wahalar shiga wannan harka ga mai ƙaramin kamfani ba ɓoyayyiya ba ce. Ba a biyan kowa. Takardun da kuɗin Suwizalan ake sayar da su, da Turanci da Faransanci ake buga su, yinin da na ba zama kuma yini ne da ban shiga kasuwa ba. Babban kamfani yana iya ware injiniya guda ya ce wannan ne aikinsa. Ni sai bayan sallar isha'i nake buɗe daftari, ina karantawa da ƙamus a waya. A ganina ƙungiyoyinmu na 'yan kwangilar lantarki su ya kamata su ɗauki wannan nauyi, su zaɓi mutum biyu ko uku daga Arewa masu haƙurin karatu, a haɗa musu kuɗin data da na mota, su kuma su dawo su fassara mana da Hausa a taron wata. Na kawo maganar a taronmu, an ce za a duba.

Kafin nan na sayi ma'aunin zafi guda 3 masu ajiye karatu da wani littafi mai bangon kwali. Duk gidan da muka yi aiki, da izinin mai shi, muna rataye ɗaya a cikin silin kusa da bututun waya, mu bar shi mako guda. Ana rubuta unguwa, irin rufin, ko akwai tagar iska, da mafi girman zafin da aka samu. A bazarar bana akwai gidajen da karatun ya haura 50. Wani shafin na naɗin waya ne: abin da aka buga a jiki, tsawon da muka auna, da abin da mita ta nuna.

Jiya ƙaramin yarona, wanda bai fi wata 8 da fara koyo ba, ya sauko daga silin ɗin wata Islamiyya jiƙe da gumi, ma'aunin a hannunsa. Ya ce, "Oga, wannan ma a rubuta?" Na ce ya rubuta, ya sa kwanan wata. Shafi na 41 ke nan. Injiniya ya ce idan mun cika bazara biyu in kawo masa littafin, mu zauna mu cike takardar gyaran tare.