Mai zuwa Ennedi ya fara da ofishin Fada

Har yanzu in na tuna litar gazuwal 60 da muka ƙone a banza tsakanin Kalayit da Arshe, a yankin duwatsun Ennedi na ƙasar Chadi, raina sai ya ɓaci, domin laifina ne. Daga Abeshe muka bi Biltin da Arada muka kwana Kalayit. Da safe na ce wa direba mu yanke kai tsaye zuwa tafkin Arshe, inda ake zuwa ganin raƙuma da kadoji, a bar garin Fada sai mun dawo. Ya ce, "Alhaji, mu je ofishin gandun Ennedi a Fada tukuna mu sami ɗan jagora." Na ƙi ji.

Lissafin mai ne ya fara cin mu. Hilux ɗinmu a kwalta tana shan kamar lita 12 a kilomita 100, da haka na auna. A rairayi mai laushi, da ƙaramar giya, ta haura lita 20. Ga shi ba mu rage iskar taya ba sai da muka kafe sau biyu. Taya mai tauri haƙa rami take yi, kana ƙara wuta tana ƙara nutsewa har cikin motar ya zauna a ƙasa. Sauke iskar zuwa bar 1.5 a ma'aunin iska, in yashin ya yi zurfi 1.2, amma ka riƙe famfo, domin da ka hau tsakuwa dole ka mayar da iskar, in ba haka ba dutse ya yanka gefen tayar. Man da ka saya a duro kuma ka tace shi da ƙyalle.

Sawun motoci a can ya rarrabu kamar jijiyar ganye. Mun bi wanda ba shi ba, muka isa Arshe bayan la'asar, muka shiga ta bakin kwazazzabon. Ruwa baƙi ƙirin saboda kashin raƙuma, raƙuman sun riga sun watse, kada ko ɗaya ba mu gani ba.

Sai da muka je Fada na san abin da na yi wa kaina. Can ne cibiyar gandun, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 50,000, ƙungiyar kula da gandun daji ta African Parks ke kula da shi tare da gwamnatin Chadi tun 2018, UNESCO kuma ta sa duwatsun cikin kayan tarihin duniya a 2016. Cikin rabin awa aka nuna mana taswira, aka faɗa mana inda za a yada zango da hanyar da ta fi tauri. Ka zo da takardunka da na mota, ka kuma nemi jagoran da ke jin Goranci, don Larabcin kasuwa ba ko'ina yake kai ka ba.

Da jagora muka koma. Ashe ta bayan dutse ake hawa da ƙafa tun da sassafe, tafiyar sama da awa guda, kowa da ruwansa lita biyu. Daga sama muka leƙa: raƙuma cike da kwarin, kukansu na amsawa a bangon dutse, can gefe kada guda kwance bakinsa a buɗe. Kadoji kaɗan ne suka rage a wannan ruwa, kada ka yi jifa don ya motsa.

A Terke kuma, wurin zanen mahaya dawaki da jan launi, jagoran ya riƙe hannun ƙanena: "Ɗan'uwa, ba a taɓawa, ba a yayyafa ruwa don hoto." Jiminan da aka kawo daga Zakuma kuwa ba mu je gani ba. Man da zai kai mu shi ne wancan lita 60.