Direban da ya fita ta wata ƙofa

Jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara bakwai ina lissafin inshora da fansho, amma fayil ɗaya ya biyo ni gida.

Wani kamfani ne ya kawo bayanan ma'aikatansa na shekara biyar, yana son farashin inshorar rai ta rukuni, wadda dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata, diyyarta aƙalla ninki uku na albashin shekara. Ƙofofin fita daga aiki huɗu na zana: mutuwa, ajiye aiki, ritayar rashin lafiya, ritayar shekaru. Na ƙirga waɗanda suka rasu a bakin aiki, na raba da yawan ma'aikatan farkon shekara. Adadin ya fito ɗan ƙarami, na yi murna.

Kuskure biyu na tafka. Wanda ya ajiye aiki a Afrilu na lissafa shi kamar ya cika shekara. Wannan mai gyaruwa ne. Na biyun shi ya karya ni. Kamfanin ya saba sallamar duk wanda ciwo ya kwantar, sai ya je ya cika a gida, mutuwarsa ba ta shiga lissafina ba. A shekarar da ta biyo suka tsaurara sharuɗɗan ritayar rashin lafiya saboda tsadarta. Marasa lafiya suka zauna a takardar albashi, suka rasu a cikinta, diyya ta yi ta zuwa.

Da na koma tono, na ci karo da wani direba mai ciwon ƙoda: an sallame shi a Maris, ya rasu a Yuni. A jadawalina shi "ritaya" ne kawai. Hotonsa na manne a kusurwar takardar, da hula a karkace. Na daɗe ina kallonsa.

Tun 1760 masanin lissafi Daniel Bernoulli ya tambayi abin da zai faru da mace-mace in aka kawar da cutar agana, ya nuna waɗanda suka tsira daga wannan ƙofa wata ce za ta ɗauke su daga baya. Na haddace wannan don jarrabawa, na ci, ban taɓa jin nauyinsa ba sai ranar.

Oga ya sa hannu a rahoton ba tare da ya buɗe shafi na biyu ba. A gaban baƙi kuwa cewa ya yi, "Yaron ne bai ƙware ba tukuna." Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Laifina na ɗauka, amma na yafe nasa rabon? Har yau ban iya ba.

Shawarata ga mai irin aikina kaɗan ce. Ka tambayi sashen ma'aikata dalilin kowace sallama, kar ka tsaya ga lambar da suka rubuta. Ka ajiye kwafin duk abin da aka sa wa hannu.

Na bar wa yarinyar da za ta gaji teburina jadawalin da ƙarin layi guda: ranar rasuwar wanda ya riga ya bar aiki. Shekara uku na yi ina cike shi da waya, gida bayan gida.